Lambar Yabo ga Lauyar Kwata

Litinin, 5 ga Mayu

Dogo ya kira ni da hantsi ina tsakiyar duba takardun wata ƙara. Shi ne shugaban kwamitin lambar yabo na ƙungiyarmu ta lauyoyi bana. Ajinmu ɗaya da shi tun makarantar koyon aikin lauya, shi ya sa ba ya ɓata lokaci wajen gaisuwa. Ya ce lambar da ake ba lauyoyin gwamnati, na jiha da na ƙananan hukumomi, bana matata za a ba. Wai kwamiti gaba ɗaya ya amince, ba wanda ya ja.

Na ce masa ai ta rasu. Kamar bai sani ba, shi da ya riƙe mini kafaɗa a maƙabarta.

Ya ce, "Na sani, mutumina. Shi ya sa muke so kai ka rubuta bayanin da za a karanta ranar taro. Shafi biyu kawai. Wa ya fi ka saninta?"

Na ce to.

Yau wata biyar da kwana huɗu da rasuwarta.

Laraba, 7 ga Mayu

Na zauna rubutun bayan la'asar. Sunanta. Shekarar da ta fara aiki. Shekara ashirin da uku a sashen shari'a na ƙaramar hukuma. Daga nan biro ya tsaya cak.

Na san ba ta shan shayi sai ya huce. Na san idan ranta ya ɓaci wanke-wanke take kamawa, har kwanon da ba a ci komai a ciki ba. Na san lambar takalminta. Amma aiki ɗaya tak da ta yi a ofishin nan, na rasa. Ni da ko daga barci aka tashe ni zan jero ƙararrakin da na ci tun ina sabon shiga, da sunayen alƙalansu.

Lauyar kwata nake ce mata. Aikin farko da ta taɓa ba ni labarinsa, muna sabon aure, dokar yashe kwatoci ce take rubutawa, sai sunan ya bi ta. Ko a gaban baƙi. Ita kuma ta ce, "Ranka ya daɗe Babban Lauya, mu ƙanana ai sai kwata." A yi dariya. Ita ma tana yi. Yau nake tambayar kaina ko dariyar tana kaiwa ciki.

Mun yi ƙa'ida tun farko cewa ba a kawo aiki gida. Ni na kafa ta. Ni ne kuma kullum nake cika mata kunne da yadda na rikita lauyan wane a kotu, tana zuba mini abinci tana cewa, "Kai, ka yi ƙoƙari."

Alhamis, 8 ga Mayu

Na tambayi Auta ko ta san wani abu game da aikin mamanta. Tana haɗa littattafanta za ta tafi jami'a, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baba, ka je ofishinta mana. Tafiyar minti goma sha biyar ce."

Na sha ajiye mamanta a bakin ƙofar ofishin nan idan motarta ta lalace. Ban taɓa shiga ba.

Tun rasuwar nan yarinyar take yi mini magana kamar ana awo. Na ɗauka rashin uwa ne.

Asabar, 10 ga Mayu

Takalman matata na aiki har yanzu suna bayan ƙofa. An goge su. Ba ni ba ne.

Litinin, 12 ga Mayu

Na je.

Bene na biyu, ƙarshen baranda, bayan ofishin masu kula da kasuwa. Ɗaki ɗaya, tebur huɗu, fanka ɗaya mai ƙara kamar za ta faɗo wa mutum a ka. Lauyoyi uku, duk yara ne, suka miƙe da na shiga. Wani dattijo siriri mai tabarau ɗaure da zare ya taho ya kama hannuna da hannu biyu. Shi ne magatakardan sashen. Ya ce ya zo gaisuwa gida har sau biyu. Ban tuna shi ba, na ce na tuna.

Teburinta yana nan ba wanda ya hau. Matashin kujerar da ya ɓace daga falonmu shekarun baya, wanda na yi ta faɗa a kansa, ga shi a kujerarta ya lotse.

Na ce masa ina son jerin manyan ƙararrakin da ta ci. Ya ɗan yi murmushi. "Yallaɓai, uwar ɗakina ba ta cika zuwa kotu ba. Aikinta shi ne kada a kai ga kotun."

Ya ɗauko mini wasu manyan littattafai guda shida masu baƙin bango. Duk shawarar doka da ta ba hukuma tun ranar da ta fara aiki tana ciki, da lamba da kwanan wata da hannunta. Yadda za a raba rumfunan kasuwa a bainar jama'a ba a ɗaki ba. Takardar ɗaukar masu shara aiki. Wanda ke da alhaki idan ginin hukuma ya faɗo wa mai wucewa. Iyakar mahauta da gidajen mutane. Da kwata, ƙwarai, kwata da yawa.

Ya ce in zauna a kujerarta in karanta. Na jawo benci.

Talata, 13 ga Mayu

Na soke ganawa biyu na koma.

Ta fi ni rubutu. Na rubuta wannan ne don in gan shi da idona. Abin da zan yi shafi goma a kansa ita a shafi ɗaya da rabi take gama shi, kuma ba ƙofar da za ka bi ka kuɓuce. "Doka ba ta ba mu wannan iko ba." "Za mu iya, amma ba ta wannan hanya ba. Ga hanyar." Ba ado, ba kurari.

A gefen wata shawara wani tsohon shugaban hukuma ya rubuta da koren biro: "Wai ita matar nan ba ta iya cewa a'a da ladabi ba ne?" A ƙasa, da ƙaramin rubutunta: "Da ladabi, ranka ya daɗe, a'a."

Dariya ta ƙwace mini, yaran suka waiwayo. Sai kuma dariyar ta juye, na fita baranda na daɗe ina kallon masu gyaran babur a ƙasa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Labari ya bazu cewa mijin marigayiya yana tattara tarihin aikinta. Wata mata ta zo takanas, shugabar wata makarantar firamare, mai jiki, mai murya irin ta wadda ta saba yi wa yara ɗari biyar magana lokaci ɗaya. Ta yi mini gaisuwa, ta zauna, ta ce lallai in sa maganar fili.

Na ce wane fili?

Ta dube ni, ta dubi Magatakarda. Ta ce filin bayan makarantarsu, inda yara ke wasa. Shekara shida da suka wuce shugaban hukuma na lokacin ya ba wani ɗan kasuwa shi ya gina shaguna. Har an kafa turaku, an zuba yashi. Abin da ya rage sashen shari'a ya sa hannu. Matata ta ƙi. Aka dawo mata da takardar sau uku, sau uku tana rubuta a'a. "Da hannun nan nata ta riƙe mana filin, Yallaɓai. Kuma ta sha wuya a kai. Ai kai ka fi kowa sani."

Na gyaɗa kai.

Da ta tafi na ce wa Magatakarda ya kawo mini fayil ɗin. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ba ya kusa, sai an nema. Mutumin da duk takardar da na ambata kafin in rufe baki ya ajiye mini ita a gaba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na tuna ranar. Ta dawo da wuri, ta tsaya a ƙofar ɗaki da jaka a kafaɗa ta ce, "An ɗauke ni daga shugabancin sashe. An mayar da ni ɗakin ajiyar takardu." Ina ɗaure igiyar takalmi, ina saurin zuwa wata liyafa. Na ce, "To ai hutu ya same ki." Ina jin har na ƙara da wata zolaya.

Ta ce, "Haka ne."

Shekara biyu ta yi a can kafin sabon shugaba ya maido da ita. Ban taɓa cewa me ya faru ba. Na ɗauka irin sauye-sauyen nan ne na aikin gwamnati.

Litinin, 19 ga Mayu

Magatakarda ya kawo fayil ɗin. Bai miƙo mini a hannu ba, ya ajiye a kan benci, ya ce wa yaran su zo su taya shi wani aiki a ƙasa. Suka bar ni ni kaɗai da fanka.

Shawararta ta farko shafi huɗu ce. Filin na makaranta ne tun kafa ta, ga takardar, ga taswira, hukuma riƙon amana take yi, ba ta da ikon bayarwa. Ta biyu shafi ɗaya. Ta uku layi biyu: "Ba abin da ya sauya tun shawarata ta farko. Ba zan sa hannu ba."

Bayan ta ukun akwai wasiƙa daga lauyoyin ɗan kasuwan zuwa ga shugaban hukuma. Tun kafin in karanta na gane takardar, don ni na zaɓi kalarta da tambarin da ke samanta. Ofishina. Wasiƙar ta yi barazanar kai ƙara, sannan ta nemi a ɗauki mataki a kan "jami'in da ke kawo cikas da gangan, wanda ko dai bai san doka ba ko kuma yana da wata manufa tasa". A ƙasa sa hannuna, babba, da jelar nan da nake ja.

A kusurwa akwai hatimin sashen shari'a, an karɓa ranar kaza, da haruffan farko na sunanta. Ita ta karɓa. Ita ta huda ta, ta zura mata zare, ta sa ta a fayil, ta ba ta lambar shafi.

Shafi na gaba takardar sauya mata wurin aiki ce. Kwana tara tsakani.

Ban san iya zaman da na yi ba. Da Magatakarda ya dawo na ce masa, ka sani? Ya ce duk ginin nan an sani. Na ce ita me ta ce? Ya ce ranar da wasiƙar ta zo ta karanta sau biyu, ta ce, "Ya iya rubutu, ba laifi," ta ce ya miƙo mata abin huda takarda. Wani a ofishin filaye ya taɓa yi mata shaguɓe a kai, wai har a gida ma an san ba ta san doka ba. Ta ce masa maganar gidanta ba ta cikin fayil.

Na tuka mota har gida ban san ta inda na bi ba.

Talata, 20 ga Mayu

Ban fita ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na sa an tono mini namu fayil ɗin a ofishina. Ina ta fata in tarar wani yaro ne ya rubuta, ni kuma na sa hannu cikin tarin wasiƙu ban karanta ba. Da na samu abin riƙewa.

Yaro ne ya rubuta, gaskiya. Amma tasa wasiƙar mai sanyi ce, tambaya kawai take yi me ya jawo jinkiri. Ni na bi ta da jan biro. "Bai san doka ba ko kuma yana da wata manufa", rubutuna ne, a gefe, har da layi a ƙasa. Na tuna ma daɗin da na ji da jimlar ta fito.

Na san hukumarsu ce. Wannan ba zan yi wa littafin nan ƙarya a kai ba. Na ce wa kaina ai mutanen ofishin filaye ne, su ne kullum ke riƙe takarda. Da na yi mata tambaya ɗaya a bakin tebur, da na sani. Ban yi ba, don ban ɗauka akwai abin da zai tsaya saboda ita ba. Ban ɗauka a'arta tana da nauyin da za ta tare mutum kamar wanda nake wa aiki ba.

Daga baya mutumin ya janye da kansa da ya ga abin ba zai yiwu ba, na rufe fayil na manta.

Lahadi, 25 ga Mayu

Auta tana yanka albasa a kicin da rana, na tsaya a bakin ƙofa na fara kame-kame. Ban kai ƙarshe ba ta ce, "Ka ga wasiƙar ke nan."

Tana da shekara goma sha biyar lokacin. Ta dawo daga makaranta ta tarar da mamanta a nan kicin ɗin, da kayan aiki a jikinta, tana wanke kwanukan da aka riga aka wanke, kofin wasiƙar yana kan firji. Ta karanta kafin a hana ta. Mamanta ta ce, "Babanki aikinsa ya yi, ni ma nawa na yi. Kada ki kuskura ki gaya masa. Idan ya sani zai yar da aikin mutumin a tsakiya, kuma lauyan kirki ba ya haka."

Na ce to ai kin gani, ita ta hana a gaya mini. Kunya ta kama ni tun kafin in rufe baki.

Auta ta ajiye wuƙar. "Ta hana ni gaya maka, Baba. Ba ta hana ka tambaya ba. Shekara biyu kullum tana dawowa da ƙura a mayafi tana tari. Ni ina yarinya na lura."

Ta ce ko a asibiti, satin ƙarshe, ta ce wa mamanta ta faɗa mini. Mamanta ta ce a bari, yanzu kuma me zai ƙara, ga shi ko abinci ba ya iya ci saboda damuwa.

Ni take tausayi. Tana kwance da robar ruwa a hannu, ni take tausayi.

Auta ta ci gaba da yankan albasa tana share ido da bayan hannu. Na so in dafa ta. Na ɗebi ruwa a firji na fita.

Talata, 27 ga Mayu

Na sami Dogo a ofishinsa na ce ya nemi wani ya rubuta, ni ban cancanta ba. Na fara ba shi labari, ya katse ni. Wai fayil ɗin filin yana cikin takardun da aka haɗo wa kwamiti. Magatakarda da yaran nan uku ne suka kai sunanta, shekara uku a jere suna kaiwa, sai bana aka duba da kyau. Kowa a kwamitin ya ga wasiƙar.

Na ce, kun gani kuma kuka ba ni?

Sai ya ce a hankali, "Wallahi mutumina, na ɗauka kun daɗe da gama wannan maganar a gida. Shekara shida fa."

Ya ce idan na ga ba zan iya ba shi zai rubuta, ba kuma wanda zai ambaci wasiƙa. Na ce zan yi tunani.

Shekara uku suna kai sunanta. Shekara biyun farko ina cikin zauren taron, a teburin gaba, ina tafa wa wasu. Ita ba ta zuwa, takan ce taron manya ne.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na roƙi Magatakarda ya nuna mini ɗakin ajiyar takardun.

Ƙarƙashin matakala yake. Taga ɗaya ƙarama can sama, kwan lantarki ɗaya. Ya ce da aka kawo ta takardu a buhu suke har rufi, ɓeraye sun ci na ci, ruwa ya jiƙa na jiƙawa. An kawo ta ne don ta gaji ta ajiye aiki. Sati na farko ta zo da tsintsiya da ƙyallen rufe hanci daga gida. Cikin shekara biyun nan ta tsince duk dokokin da hukumar ta taɓa yi tun kafa ta, ta ware waɗanda suka mutu da waɗanda ke aiki, ta haɗa su littafi uku. Yanzu har daga ma'aikatar shari'a ta jiha ake aikowa a yi kofinsu. Ba sunanta a bango. Ya ce ya yi mata magana, ta ce doka ba ta kowa ba ce.

Na tambaye shi ko ta taɓa kuka a nan. Ban san me ya sa na tambaya ba.

Ya ce, "Ni dai idan na ga ta tura ƙofa ba na shiga, Yallaɓai."

Da zan tafi ya raka ni har mota. Ya ce duk ranar da aka buga a jarida na ci wata babbar shari'a, sai ta yanke ta nuna musu. "Kun ga Babban Lauya." Ina jin don ya sanyaya mini rai ya faɗa. Da ya bari.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na rubuta. Shafi ɗaya da rabi. Na yi ta yanke ado har ya koma kamar ita ta rubuta.

Na sa maganar wasiƙar. Ban ambaci wanda na yi wa aiki ba, wannan amana ce. Nawa na faɗa.

Na tura wa Dogo. Ya kira ya ce ka tabbata? Na ce kada ya taɓa ko waƙafi.

Laraba, 4 ga Yuni

Na ajiye wa Auta kofin bayanin a kan teburin karatunta. Da na dawo na tarar da shi a kan nawa teburin. Ta gyara shekara ɗaya da na yi kuskure.

Asabar, 14 ga Yuni

An yi.

Zauren otal, ƙarfe huɗu na yamma, sanyin na'ura har cikin ƙashi. An ba mutum biyar lamba kafin ita. Lauyoyin gwamnati kullum can baya ake ajiye su kusa da ƙofar kicin, yau na lura. Magatakarda ya sa farar riga mai karin guga, yaran uku suna gefensa, shugabar makaranta ta zo da malamai biyu.

Aka kira ni. Na karanta rumfunan kasuwa, na karanta masu shara, na karanta littattafai uku na ƙarƙashin matakala. Na karanta "Da ladabi, ranka ya daɗe, a'a," zaure ya yi dariya. Sai na zo kan fili. Na ce lauyan da ya rubuta cewa ba ta san doka ba, ya nemi a hukunta ta, shi ne yake tsaye a gabanku, kuma a gida ɗaya suke kwana, kuma bai sani ba sai watan jiya don bai taɓa tambayarta yaya aiki ba.

Saura layi uku, na ga rubutun yana rawa, na kasa ci gaba. Ban ga tasowar Auta ba, sai dai na ji ta zare takardar daga hannuna. Ita ta ƙarasa, da murya irin ta uwarta, ba hawa ba sauka.

Aka miƙe ana tafi. Lambar gilashi ce mai nauyi, an rubuta sunanta daidai, na duba. Auta ta karɓa, ta sauka, ta ratsa teburan manya har can baya, ta ajiye ta a gaban Magatakarda. Ba mu shirya haka da ita ba. Dattijon ya rufe fuska da hularsa.

A mota ta ce, "A ofis ya kamata ta zauna." Na ce haka ne. A gaba ta zauna har gida, ba a baya ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Waya tun safe. Wai na yi jarumta, wai ba kowane namiji ba. Wani ma cewa ya yi jawabina ya fi na kowa. Na kashe wayar.

Na ɗauka zan ji sauƙi. Mutum ɗari uku sun ji. Ita ɗaya da ya kamata ta ji, a bakin ƙofar ɗaki, da jaka a kafaɗa, ba ta ji ba.

Litinin, 23 ga Yuni

Auta ta ce gishiri ya yi yawa a miyar da na gwada yi. Ta ci duk da haka. Ta ba ni labarin wani malaminsu mai barci a aji. Ban katse ta ba har ta gama.

Laraba, 2 ga Yuli

Kotu ta uku, ƙarar kamfanin gini da gwamnatin jiha. Wadda aka turo daga ma'aikatar shari'a yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba, baƙar rigarta ta koɗe a kafaɗa, ta shigo a guje da fayiloli bakwai a ƙirji, ba mai riƙe mata. Na ji ana cewa ƙara huɗu take da ita yau a kotu uku daban-daban.

Ta kayar da ni. Wani sashe ƙarami na dokar kwangila da na tsallake, ta miƙe ta karanta shi, ta yi bayani cikin minti biyar ta zauna. Mai shari'a ya kori roƙona. Wanda nake wa aiki ya fita yana huci.

A baranda na same ta tana ɗaure fayilolinta da zare. Na ce mata aikin ya yi kyau. Ta dube ni kamar tana jiran ta ji inda zan ɓullo. Na ce ba komai, a ina ta samo sashen? Ta fara bayani a ɗarare, sai kuma ta saki jiki, muka yi kusan minti ashirin a tsaye, ita ke magana. Shekararta biyar a ma'aikatar. Da aka kira ƙararta ta gaba na riƙe mata fayil huɗu har ƙofar kotu ta biyar. Hanyata ce dama, kusan.

Da yamma na kira Dogo a kan wata magana daban. Kafin mu ajiye na tambaye shi wane wata ake fara karɓar sunaye na baɗi, kuma ko lauya mai zaman kansa yana iya kai sunan wanda ya kara da shi. Ya ce don me? Na ce tambaya ce kawai.